Ko Daidai Ne A Ɓoye Wa Jama'a Labarin Hatsari?

Ran 26 ga Afril 1986, da tsakad dare, ɗaya daga cikin tukwanen nukiliya na tashar lantarki ta Canobil ta fashe. Tashar tana ƙasar Yukiren, wadda ta ke cikin Tarayyar Sobiyat a zamanin nan. Ƙura mai guba ta tashi, irin wadda ido ba ya gani, hanci kuwa ba ya ji. Mutanen Firifiyat, garin da ke kusa, suka wuni cikin hidimominsu, yara suka je makaranta. Sai bayan wajen sa'a 36 aka kwashe su. Mahukunta ba su faɗa wa duniya kome ba sai ran 28, bayan an riga an gane ƙurar a Suwidin.

Masu mulki su kan ce, idan aka faɗa, tsoro zai kama mutane, su tattake juna wajen gudu. Kada mu rena wannan magana. A Fukushima ta Japan, cikin 2011, waɗansu tsofaffi da marasa lafiya sun mutu saboda wahalar kwashewa cikin gaggawa.

Amma bari mu duba abin da shiru ya jawo. Cikin ƙurar Canobil akwai aidin mai guba. Ya sauka bisa ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara. Gubar kuwa ta kan taru a wuya, inda maƙoƙo ya kan fito. Ƙarfinta yana raguwa da rabi kowane kwana 8, saboda haka kwanakin fari su ne na ceto. Ƙasar Folan ta fara ba yara miliyoyi ruwan aidin mai kyau ran 29 ga Afril, domin ya cika wurin kafin mugun ya shiga. A Belarus da Yukiren da Rasha, inda iyaye da yawa ba su ji gargaɗi da wuri ba, dubban yara suka kamu da ciwon daji na wuya daga baya.

Uwa ba ta iya auna wannan guba, amma tana iya hana ɗanta madara idan an gaya mata. Wanda ya sani ya yi shiru ya ƙwace mata wannan dama, ya yanke shawara bisa ran da ba nasa ba.

Maganin tsoro fa shiri ne. A koya wa mutane tun ana lafiya su shiga ɗaki, su rufe tagogi, su saurari rediyo, su san hanyar da za su bi idan an ce a tashi. Wanda ya san abin yi ba ya saurin ruɗewa.

Mu ma, ko da shi ke ba mu riƙe da irin wannan tasha, mu tambayi kanmu: wane hatsari mu ka sani, wanda maƙwabcinmu bai sani ba, mu ka rufe baki domin kada a ga laifinmu?