Alƙalin gida da kotun nesa: amanar wa ke wuyansa?

A ranar 26 ga Satumba na 2015 hukumomin Nijar suka miƙa Ahmad al-Faqi al-Mahdi ga kotun ƙasa da ƙasa mai hukunta manyan laifuka, wadda aka fi sani da CPI, a birnin La Haye na ƙasar Holan. Kwana takwas kafin nan kotun ta fitar da sammacin kama shi. Laifin da aka tuhume shi da shi a Tumbutu aka aikata shi, tsakanin ƙarshen Yuni da farkon Yuli na 2012, lokacin da aka rusa hubbarori tara na waliyyai aka kuma ɓalle ƙofar masallacin Sidi Yahya. Mutumin ɗan Mali ne, ɓarnar a Mali ta auku, kotun tana Turai, amma hannun da ya sada shi da alƙalansa na Nijar ne. Wannan lamari ya bar tambaya mai nauyi: ma'aikacin shari'a da ya taimaki wata kotu ta waje, ya sayar da ƴancin ƙasarsa ne, ko kuwa ya sauke amanar da aka ɗora masa?

Kotun CPI ba ta da ɗan sanda ko jandarma ko ɗaya, don haka duk abin da take buƙata sai ta roƙa. Yarjejeniyar Roma da aka rattaba a 1998, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli na 2002, ta keɓe babi na tara kacokan ga wannan roƙo. Aya ta 86 ta wajabta wa ƙasashen da suka shiga su ba kotun cikakken haɗin kai. Aya ta 93 ta jera ayyukan: ɗaukar bayanin shaidu, binciken gidaje, ƙwace takardu, tone kaburbura don gane yadda aka kashe mamaci, kare masu ba da shaida, da riƙe dukiyar wanda ake tuhuma. Takardar roƙon takan bi ta hannun gwamnati, ta sauka a teburin mai shigar da ƙara, shi kuma ya miƙa ta ga alƙali mai bincike ko ga jandarmomi. In wannan tebur ya yi barci, shari'ar La Haye ta tsaya cak.

Masu sukar wannan aiki hujjarsu ta farko ita ce ƴancin kai. Suna cewa alƙali da sunan al'ummarsa yake yanke hukunci, albashinsa daga harajin talakawanta yake fitowa, to ta yaya zai zama ɗan aiken wasu alƙalai da ba su taɓa shan ruwan ƙasar ba? Hujjar tana da daɗin ji, sai dai ta manta cewa taimakon alƙali ga alƙali tsohon abu ne a wannan yanki. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Damagaram da Katsina, irin su Tuhfa ta Ibn Asim, sun yi magana a kan wasiƙar da alƙalin wani gari yake aika wa takwaransa na wani gari, idan shaidu suna nan, wanda ake ƙara kuma yana can. Malamai sun gindaya sharuɗɗa don a tabbatar wasiƙar ta gaskiya ce, amma ba su ɗauki amsa ta a matsayin ƙasƙanci ba. Abin da suka ji tsoro shi ne kada nisan hanya ya zama mafakar azzalumi. Ban da haka, Nijar da kanta ta ajiye takardar amincewarta da yarjejeniyar Roma ranar 11 ga Afrilu na 2002, tana cikin ƙasashe goma da suka cika adadin sittin da ake jira a wannan rana. Alƙalin da ya amsa roƙon kotun a 2015 alkawarin ƙasarsa ya cika.

Yarjejeniyar kuma ba ta mai da alƙalin gida ɗan dako ba. Aya ta 59 ta ce duk wanda aka kama sai an gaggauta kai shi gaban alƙalin ƙasar da ta kama shi, ya duba ko shi ne mutumin da sammacin ya ambata, ko an bi ƙa'ida wajen kamun, ko an kiyaye haƙƙoƙinsa. A nan ake ganin amanar tana da fuska biyu. Akwai haƙƙin waɗanda aka zalunta, akwai kuma haƙƙin wanda ake zargi, wanda har yanzu ba a same shi da laifi ba. Alƙalin da ya sa hannu don faranta wa baƙi rai, yana ganin alamun duka a jikin wanda aka kawo masa, ya ci amana daidai da wanda ya ɓoye takarda don faranta wa minista. Akwai ma na uku da akan manta da shi, wato mai ba da shaida. Masu bincike za su hau jirgi su koma, shi kuwa zai ci gaba da zuwa kasuwa ɗaya da dangin wanda ya tona wa asiri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ma'aikacin gida ne kaɗai ya san wane suna ne in ya fita zai jawo kisa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, ita ce ta son kai. Har zuwa farkon 2016, da aka buɗe binciken Jojiya, duk binciken da kotun ta buɗe a Afirka yake. Amurka da Rasha da Sin ba su cikin yarjejeniyar, amma suna zaune a kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya tura mata batun Darfur a 2005 da na Libiya a 2011. Wanda ya ƙi shiga sikeli yana da bakin cewa a auna wani. Wannan rashin adalci ne na zahiri, kuma duk mai kare kotun da ya musanta shi yana ɓata hujjarsa. Ya kamata dai a tuna cewa Yuganda da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Mali su suka kai kansu, Mali kuwa a Yuli na 2012, lokacin da arewacinta ya fita daga hannunta, kotunanta a can suka daina zama.

Abin dubawa shi ne me son kan manya ya halatta wa ƙaramin alƙali. In ɓarawo mai gata ya kuɓuta a wani gari, wannan bai wanke ɓarawon da aka kama a nan ba, bai kuma mayar wa mai kaya da kayansa ba. Mutanen Tumbutu da suka ga an sa diga a kan kaburburan kakanninsu ba su suka tsara kwamitin sulhu ba. Al-Mahdi ya amsa laifinsa a Agusta na 2016, ya nemi gafarar mutanen garin, aka yanke masa shekara tara ranar 27 ga Satumba, a 2017 kuma kotun ta ƙayyade diyya ta yuro miliyan 2.7. Da a ce an riƙe shi don nuna fushi ga manyan ƙasashe, su ba abin da za su rasa, asarar a kan Tumbutu za ta faɗa.

Shiga yarjejeniya ko fita daga cikinta aikin masu mulki ne. Aikin alƙali shi ne bin dokar da ke aiki a ranar da takarda ta iso gabansa. Afirka ta Kudu ta nuna yadda wannan bambanci yake da tsada. A Yuni na 2015 shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, ya je taron Tarayyar Afirka da sammacin CPI a kansa. Babbar kotun Pretoria ta ba da umarnin kada ya bar ƙasar, gwamnati ta bar jirginsa ya tashi. A Maris na 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa gwamnati ta saɓa doka. Alƙalan ba su sami mutumin ba, amma sun hana a rubuta a tarihi cewa doka ce ta sake shi.

Wanda bai gamsu da La Haye ba yana da wani misali a kusa. Hissène Habré, tsohon shugaban Cadi, a Dakar aka yi masa shari'a, a wata kotu ta musamman da Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa, alƙalin da ya jagoranci zaman kuma ɗan Burkina Faso ne, Gberdao Gustave Kam. An yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu na 2016. Ita ma wannan kotu da taimakon gida ta tsaya: alƙalanta masu bincike sun je Cadi sau huɗu a 2013 da 2014, suka saurari shaidu, suka duba takardun ƴan sandan asiri na DDS da manyan kaburbura, duk da haɗin kan hukumomin shari'ar ƙasar. Inda Cadi ta ƙi miƙa wasu da ake tuhuma kuwa, nan hannun kotun Dakar ya tsaya. Ko a Turai kotu take ko a Afirka, buƙatarta ga alƙalin gida ɗaya ce.

A Satumba na 2025 gwamnatocin Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga CPI, suka ce za su dogara ga hanyoyin shari'a na kansu. Aya ta 127 ta ba kowace ƙasa wannan dama, tare da sharaɗin cewa ficewar ba ta fara aiki sai bayan shekara guda da sanar da babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a rubuce, kuma ba ta share nauyin binciken da aka riga aka fara. Ficewa kuwa tana ƙara wa alƙalin gida kaya, domin tun asali aya ta 17 ta ce CPI ba ta shiga sai inda kotunan ƙasa suka ƙi ko suka kasa. Idan an rufe waccan ƙofa, ƙauyen da aka ƙona a Tillaberi ko Diffa ba shi da inda zai kai kuka sai teburin mai shigar da ƙara na gida, ko wane ne ya kunna wutar. Amanar da ke wuyan alƙali ta mai kuka ce, kuma a nan za a gane ko ƴancin da aka yi iƙirari ya amfane shi: a ga an ɗauki bayaninsa, an kare shaidunsa, an kira wanda yake ƙara gaban kotu ko da yana sanye da kaki.