Wane Shuɗi Kake So?

Duk wanda ya taɓa kai kaya marinar Ƙofar Mata a Kano ya san tambayar da marini ke fara yi. Kafin a yi ciniki, kafin ma ya gama warware ƙyallen, zai ɗago kai ya ce, "Wane irin shuɗi kake so?" Na ji wannan tambaya a bakin Baffana tun ban iya ɗaura wando ba, amma sai da na kai shekara talatin, na yi arziki na kuma karye, sannan ta shiga kunnena.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin namu ina aji uku a firamare. Sunan kakanmu na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Babana". Marini ne, a bakin ramukan marinar nan ya tsufa. Marinar ta daɗe, tun 1498 ake lissafa ta, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufar da ake rinawa a ƙasar Kano tana kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus. Baffa bai san da Barth ba, amma ya san Buzayen Agadas da ke zuwa neman rawani mai ƙyalli irin na Kura, wanda ke barin shuni a goshin mai shi.

Hannuwansa shuɗaye ne har gwiwar hannu, faratan nan kamar an shafa musu tawada, ba sabulun da ke fitar da su. Ba zan ɓoye ba, na ji kunyar hannuwan nan. Ina makarantar kwana, ranar ziyara ya zo mini da ƙullin ƙuli-ƙuli da garin kwaki da sukari. Na hango shi tsaye gindin darbejiya, motocin iyayen wasu sun kewaye shi, yana ta waige-waige. Sai da na bari abokaina suka watse sannan na ƙarasa. Ya miƙo ƙullin, na karɓa da sauri, na ce ana kiranmu. Bai ce komai ba, ya dai laluba aljihu ya ƙara mini da 'yan canji. A ranar na ƙudurta a raina cewa ni kam da farin hannu zan ci abinci.

Da na gama jami'a da hidimar ƙasa, na yi ta yawo da takardu har takalmina ya cinye. A 2012 wani abokina ya kai ni Kantin Kwari, na zama yaron shago. Allah Ya sa ina da kan lissafi, kuma masu sari daga Maraɗi da Damagaram da Injamena suka saba da ni. Shekara biyu na buɗe nawa shagon na atamfa da shadda. Na sayi mota. Daɗinta bai yi wata uku a raina ba, domin abokin nan nawa ya canza tasa da wadda ta fi ta. Na sayi fili, sai na ji wane ya sayi gida ginanne. Na fara sarin dila biyar, sai na ga sa'o'ina suna hawa jirgi zuwa China suna sauke kwantena. Kullum na kwanta, lissafin abin da wani ya fi ni nake yi. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma ni a lokacin kurar maƙwabci kawai nake gani.

A 2015 na je wurin wani babban Alhaji mai shigo da kaya, na karɓi kaya masu yawa bashi, a kan zan biya da lissafin dala. Shi kansa ya ce, "Yaro, anya bai yi maka yawa ba?" Na ce ina da masu saye. Na rarraba kayan ga 'yan sari, su ma bashi, amma da lissafin naira. A lokacin dala ba ta wuce naira 200 da 'yan kai ba a wurin 'yan canjin Wapa. Zuwa watan Fabrairun 2017 ta haura 500. Duk wanda ya kawo mini kuɗina cif-cif, in na kai Wapa sai su koma rabi. Wasu ma ba su kawo ba, su ma ruwan ya ci su. Na sayar da motar, na sayar da filin, na kwashe abin da ke shago, bashin bai kai ƙarshe ba. Na kashe waya, na shige ɗaki. Ko masallacin unguwa sai duhu ya yi nake fita.

Sati uku ina haka, Baffa ya aiko yaro: in same shi a marina gobe da hantsi.

Na tarar da shi tsugune a bakin raminsa, ya ɗage murfin, yana juya ruwan da doguwar sanda. Kumfa mai duhu ta taso a sama, warin baba ya buge ni, warin da na yi shekaru ina gudu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baffa, barkanku da aiki."

"Barka kadai, Babana. Tuɓe rigar nan, ka karɓi wannan."

Farin ƙyalle ne na saƙi, bai fi kamu biyu ba. Ya ce, "Rina mini." Ya koma inuwa ya zauna, ya ɗauko carbi.

Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka ruwan marina shuɗin fenti ne, a tsoma a fitar shi ke nan. Abin ba haka yake ba. Ramin ya fi tsayin mutum zurfi nesa ba kusa ba, kuma sai an haɗa ruwa da toka da kanwa da busasshen baba an bar su makonni suna ruɓa, ana juyawa, kafin ya nuna. In ka tsoma ƙyalle ka ɗago, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ka ga yana rikiɗa a hannunka yana komawa shuɗi. Ka sake tsomawa, ka sake ɗagowa ya sha iska, shuɗin ya ƙara duhu. Haka ake yi, sau nawa, ya danganta da abin da mai kaya ya ce.

Na tsoma, na ɗago, ya yi shuɗi mai haske kamar sararin sama bayan ruwa. Na ɗaga masa. "Baffa, ya yi?" Ya dube ni, ya ci gaba da jan carbinsa. Na ce to, bai yi ba ke nan. Na ci gaba. Bayan ɗan lokaci na sake ɗagawa, shiru. Aka kira azahar, muka yi salla, na dawo na tsuguna. Bayana ya ƙage, gwiwoyina suka yi tsami, gumi yana shiga mini ido ba halin sharewa. Ƙyallen ya tashi daga shuɗi ya koma kusan baƙi. Wajen la'asar haƙurina ya ƙare, na dire shi a bakin ramin.

"Baffa, tun safe nake abu ɗaya. Ba ku faɗa mini irin shuɗin da kuke so ba, ta yaya zan san ya yi?"

Ya ajiye carbin. "Ka tambaye ni?"

Na yi shiru.

"Da ka tambaya, da na ce maka na farkon nan nake so, hular jariri za a ɗinka da shi. Tun hantsi ka gama aikinka, ba ka sani ba." Ya ɗauki ƙyallen ya matse, ya shanya a kan igiya. "Shekara biyar kana tsoma kanka a Kwari kana ɗagowa. Wane shuɗi ka je nema?"

Wallahi na buɗe baki in ba shi amsa, na rasa. In ce kuɗi, zai ce nawa. In ce rufin asiri, ai na same shi tun shekarar da na buɗe shago, na wuce shi ban ko waiwaya ba. Na dubi hannuwana, sun yi shuɗi har wuyan hannu, sai hawaye.

Bai rarrashe ni ba. Ya matsa mini a kan tabarma, ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ashe shi ma ya taɓa barin marina. Yana saurayi ya tafi Kaduna, lokacin masaƙun Kakuri suna tashe, tun bayan da aka buɗe ta farko a 1957 zamanin Sardauna. Ya samu aiki, yana ɗaukar albashi duk wata, ya sayi keke da rediyo, in ya zo sallah gida yara na bin sa a baya. Shekara shida yana can, sai idon kakanmu ya fara mutuwa, ba mai riƙe masa rami. Ya kwana uku yana juyi, ya ajiye aikin ya dawo.

"Mutane suka ce na yi wauta. Ni ma na daɗe ina jin haka, musamman in abokaina sun zo da sabon babur. Kada ka ce na hango masaƙun za su rufe, ban hango komai ba, Allah kaɗai Ya san gobe. Cikin waɗanda suka zauna akwai wanda ya gina gida ya ilimantar da 'ya'yansa kaf, ya yi daidai. Ni dai na zauna na tambayi kaina abin da in na rasa shi ba zan yafe wa kaina ba. Na ga ina so tsohon nan ya cika a hannuna, kuma kada in taɓa kwanciya da haƙƙin wani a wuyana. Na samu duka biyun. Na so a ce cikin 'ya'yana wani ya gaji ramin nan, wannan kam ban samu ba. Dubi ramukan can da suka bushe, nawa ma wata rana haka zai zama. Yana damuna. Amma ban taɓa kwana ina ƙirga abin da ke aljihun wani ba."

Na ce, "Baffa, ke nan in bar kasuwa in dawo nan?"

Ya yi dariya har da tari. "Kai da ka ɓata mini hular jariri? Ramin nan ba naka ba ne. Kuma kada ka fita nan kana cewa Baffa ya ce neman dukiya laifi ne. Alhajin da kake ɓuyar wa, shuɗinsa mai duhu ne, irin na rawanin Buzaye, ya san shi yake so, ya kuma san wahalarsa. Gida nawa ne ke ɗora tukunya ta dalilinsa? Kai kuwa ka ga nasa ka ce shi kake so, alhali ko farashinsa ba ka tambaya ba. Tashi ka je ka same shi. Mai bin ka bashi ya fi son ganin fuskarka a kan jin labarinka."

Washegari na je, da shuɗin hannuna, don ya ƙi fita. Alhaji ya bar ni tsaye na ɗan lokaci, sannan ya ce in zauna. Ya yi mini faɗa sosai, kuma faɗan ɓuyan da na yi ya fi na kuɗin zafi. Daga ƙarshe aka kira shaidu biyu, aka tsayar da abin da ya rage a naira, aka rubuta, na koma ƙarƙashinsa ina riƙe masa littafin shiga da fitar kaya, ana cire wani abu duk wata.

Tambayar Baffa kuwa ba a kwana ɗaya na amsa ta ba. Na yi watanni ina juya ta a hanyata ta zuwa kasuwa, cikin A Daidaita Sahu, ni da na saba da tuƙa kaina. Abin da na fara ganewa shi ne, a shekarun da nake da shago ban taɓa jin daɗin saye da sayarwa ba, fargabarsa kawai na sani. Abin da ke sa ni manta yunwa shi ne littafin nan: in zauna in bi lissafi layi-layi har in gano inda naira ta ɓuya. Yaran shaguna suka fara zuwa in duba musu nasu. Na ga da yawansu suna kan hanyar ramin da na faɗa, suna karɓar kaya da wani lissafi suna bayarwa da wani, ba su raba uwar kuɗi da riba. Na fara zama da su bayan la'asar ranar Asabar, mutum huɗu, a kan dilolin atamfa. Yanzu wurin ba ya ɗaukar mu. Ranar da ɗaya daga cikinsu ya zo ya ce mini ya ƙi karɓar wasu kaya don ya auna ya ga sun fi ƙarfinsa, na ji abin da ban ji ba ranar da na sayi mota.

Har yau in abokina na da ya wuce ni a motarsa, zuciya takan ɗan motsa, ɗan Adam ne ni. Sai dai yanzu na san abin da na ce a rina mini, ina kuma iya duba shi in ce ya yi ko da saura.

A watan azumin 2021 na biya kuɗin ƙarshe. Alhaji ya yage takardar a gaban shaidun nan biyu, ya sa mini albarka. Ban wuce gida ba, marina na nufa. Baffa ya tsufa sosai a lokacin, wani almajirinsa ne ke juya masa ramin, shi yana zaune yana nuni da sanda. Na durƙusa na kama hannunsa da hannuwana biyu, a gaban kowa, na faɗa masa. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Yau ka yi barci, Babana." Ya sa almajirin ya ɗauko wani ƙulli a cikin jakarsa. Ƙyallen nan ne da na ɓata, ya ajiye shi shekara huɗu.

Baffa ya rasu bayan babbar sallah ta waccan shekarar, Allah Ya jiƙansa. Ba a samu ko sisin wani a kansa ba. Almajirin ne ke riƙe da ramin yanzu, kuma duk ƙarshen wata ni nake zuwa in duba masa lissafi.