Alkawari Kaya Ne: Dokar Muhalli Tsakanin Takarda da Aiki

Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne. To, amma idan ƙasashe hamsin suka taru suka yi alkawari guda, a kan wa kayan yake? Talaka in ya karya doka akwai alƙali, akwai gidan kaso. Ƙasa kuwa ba ta da sarki a bisanta. Me zai sa ta cika abin da ta sa wa hannu?

Mu dubi tarihi. A shekarar 1988 aka gano dattin masana'antu mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na Najeriya. Irin wannan ta'asa ce ta haifi yarjejeniyar Bazel a 1989. Shugabannin Afirka suka ga ba ta wadatar ba, sai suka ƙulla tasu a Bamako a 1991, wadda ta haramta shigo da irin wannan datti nahiyar baki ɗaya. Magana ta yi kyau a takarda. Amma sai a 1998 ta fara aiki, kuma ƙasashen da suka amince da ita ba su yi babban taronsu na farko ba sai a 2013. Ana cikin wannan jinkiri, a watan Agusta na 2006, aka zubar da dattin jirgin ruwan Probo Koala a unguwannin Abijan. Mutane fiye da goma suka rasu, fiye da dubu 100 suka nemi magani. A 2007 kamfanin Trafigura ya biya gwamnatin Kodebuwa kimanin miliyar 100 na kuɗin sefa, ba tare da ya amsa laifi ba.

Wani zai ce ke nan dokar ƙasa da ƙasa tatsuniya ce. Yarjejeniyar Montireyal ta 1987 ta ƙaryata shi. An yi ta ne don kare iskar ozon da ke tare mana mugun hasken rana, kuma dukan ƙasashen duniya sun shiga cikinta. Me ya bambanta ta? Kowace ƙasa tana kawo lissafinta duk shekara. Akwai kwamitin da ke bin sawun wadda ta gaza. An taƙaita ciniki da wadda ta ƙi shiga. Sannan a 1990 aka amince da kafa asusun da zai taimaki ƙasashe matalauta su canja kayan aikinsu. Da haka aka daina amfani da kusan kashi 99 cikin ɗari na sinadaran da aka hana.

Darasin a fili yake. Alkawari yana bukatar shaida, domin abin da ba a ƙidaya ba, ba a tuhumar kowa a kansa. Yana bukatar hali, domin zalunci ne a ɗora wa ɗan duwan binciken gangar guba alhali ba a ba shi na'ura ko horo ba. Yana kuma bukatar adalci: wanda ya fi ɓatawa shi ya kamata ya fi biya.

Saura abu guda, wanda manoman Maraɗi da Damagaram suka koya wa duniya. Muddin ana ganin itace na hukuma ne, sara ake yi a ɓoye. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, da manomi ya fara ganin gawon gonarsa nasa ne, sai ya shiga renon tohon kututture, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Tsoron tara bai yi wannan aiki ba. Rabo ne ya yi shi.

Saboda haka, ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyi, mu ma muna da kaso a wannan kaya. Yarjejeniyar da ke kwance da Faransanci cikin ofis a Yamai, mu juya ta da Hausa, mu karanta ta a aji da dandali, mu tambayi wakilanmu ina aka kwana. Ƙasa ba ta jin kunya, amma masu mulkinta suna ji, in jama'a ta san abin da aka yi alkawari da sunanta.