Lasifikar Masallaci da Haƙƙin Kunne

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya tsaga kunne Ya sanya ji a cikinsa, Ya kuma sanya jin cikin amanar da za a tambayi bawa a kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk wanda ya taɓa sallar Juma'a a Kasuwar Daji, ko Ƙauran Namoda, ko wani gari daga nan zuwa Zurmi, ya san ƙarar da nake nufi. Liman ya hau mumbari, ya kai baki ga makirfo, sai lasifika ta tsandara ihu, tsofaffi su toshe kunne, wani yaro ya ruga ya murɗa amfilifaya. Akan ce na'urar ce ta lalace, alhali sau da yawa lafiyarta ƙalau. Makirfo ne ya ɗauki murya, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta fitar, abin da ta fitar ya koma cikin makirfo, aka sake ƙara masa ƙarfi, haka dai har ya zama ƙara. Masana suna jingina wannan al'amari ga Larsen, wani masanin ƙasar Danmak da ya yi bayaninsa. Ana ƙara murɗa na'ura, zagayen yana ƙara kusantar ɓallewa.

Kafin maganar magani, sai mu tambayi shari'a abin da take nema ga ɗaga murya. Lokacin da Abdullahi ɗan Zaidu ya ga kiran salla a mafarki, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya koya wa Bilal, domin muryar Bilal ta fi kai wa nesa. Bilal kuwa yakan hau rufin gidan wata mata ta Banu Najjar, wanda ya fi tsawo a kewayen masallaci. A rashin lafiyar Annabi ta ƙarshe, Abubakar ne yake jiyar da mutane kabbara. Malamanmu na Malikiyya sun halatta mai jiyarwa da yin koyi da shi, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu. Duk waɗannan abu guda suke nufi, wato magana ta isa kunne a fahimce ta. Ƙarshen Suratul Isra'i ma ya yi horo da bin tsaka-tsaki tsakanin ɗaga murya da ɓoye ta a cikin salla. Lasifika baƙuwa ce, don an ruwaito cewa sai a 1936 aka fara ɗora ta a hasumiya, a Masallacin Sultan na Singafo. Hukuncinta hukuncin mai jiyarwa ne, kuma mai jiyarwar da ba a gane abin da yake faɗa bai sauke nauyinsa ba.

To, a nan ne wani ilmi ya shigo wanda ya cancanci ɗalibi ya tsaya a kansa. A 1960, Bernard Widrow da ɗalibinsa Ted Hoff, a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka fito da wani lissafi da ke sa na'ura ta gyara kanta daga kuskurenta. A 1967 Mohan Sondhi na Bell Labs ya nuna yadda za a kashe amsa-kuwwa a wayar tarho da irin wannan hanya. Ga yadda take aiki. Na'ura tana riƙe kwafin abin da ta aika wa lasifika. Sai ta yi kirdadon yadda bango da rufi da ginshiƙai za su maido shi, ta ɗebe wannan kirdado daga abin da makirfo ya ji. In saura ya rage, ta san kirdadonta bai yi daidai ba, sai ta gyara shi kaɗan, ta sake gwadawa, sau dubbai a daƙiƙa guda.

Me ya sa ba za a saita ta sau ɗaya a huta ba? Domin ɗakin ba ya zama iri ɗaya. Mai gyara yakan zo da hantsi, masallaci fayau, ya bubbuga makirfo, ya daidaita komai, ya karɓi kuɗinsa. Da azahar sahu ya cika, manyan riguna da jikunan mutane sun shanye wani ɓangare na sautin, an buɗe tagogi, an kunna fanka, liman kuma yana juyawa dama da hagu. Hanyar da sauti ke bi ta sauya gaba ɗaya. Sai na'urar ta zama kamar mai shiƙa a masussuka: iska na juyawa tana juyawa, in ba haka ba ƙaiƙayi ya koma cikin tsaba.

Wannan hikima tana aljihunmu ba mu sani ba. Ɗan kasuwa yana tsakiyar kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ga mai tallar magani da lasifikarsa, ga injin niƙa, ga babura, amma abokin cinikinsa a Kano yana jin farashi tar. Wayoyi da yawa makirfo biyu gare su, ɗaya kusa da baki, ɗaya a sama ko a baya yana sauraron hayaniya, na'ura tana ɗebe wannan daga wancan.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda kwamitocin masallatai ke kashe kuɗi. In aka koka ba a jin huɗuba, sai a yi karo-karo a ƙaro bakin lasifika huɗu. Sauti kuwa yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. In tazarar lasifika ta kusa da ta nesa ga mai sauraro ta kai mita 34, zai ji kalma guda sau biyu, tsakaninsu kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, haruffa su hau juna. Shi ya sa a filin Idi ake jin amo ba a jin ma'ana. Maganinsa ƙaramar na'ura ce mai jinkirta lasifikar da ke nesa da liman har sautin gaba ya iso. Wani maganin ma ba ya cin ko sisi: a kawar da bakin lasifika daga fuskantar makirfo, liman ya matso da bakinsa, a rage murɗi. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda tun 1983, da ɗalibanta na lantarki za su zagaya masallatan Juma'a da ma'aunin sauti, da sun yi sadaka mai gudana. Wasu ƙasashe har doka suka sa. A 2021 Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, kuma kada ta wuce sulusin ƙarfinta. A 2022 Indunusiya ta sa iyakar ƙarfin sauti desibel 100. Ban ce mu kwafi dokarsu ba, don a ƙauyukanmu lasifikar masallaci ita ce ke sanar da jana'iza da cigiya da gargaɗin hatsari. Amma maƙwabci marar lafiya da jariri suna da haƙƙi, kuma masana lafiya sun daɗe suna gargaɗin cewa zama cikin desibel 85 na awa takwas kullum yana cin ji.

Shi kunne kuwa, Mahaliccinsa Ya riga kowa wannan aiki. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai 'yan ƙwayoyi masu gashi dubbai, wasunsu aikinsu ƙarfafa sauti mai rauni, ga kuma wata 'yar tsoka da ke ɗaurewa in ƙara ta yi yawa. Ƙwayoyin nan in sun mutu ba sa tofowa. Tsufa yakan fara cinye siraran sautuka, irin na sa da sha da fa, shi ya sa dattijo zai ce maka, “Ina jin magana, ganewa ce ba na yi.” In ka daka masa tsawa kuma ya ce ka fasa masa kunne, kuma gaskiyarsa. Na'urar ƙara ji ta zamani, wadda ta bazu tun daga 1996, tana raba sauti kashi-kashi, ta ɗaga wanda ya ɓace masa, ta danne mai ƙarfi, ta fifita muryar da ke gabansa. Da ya naɗa rawani ya rufe kunne, tsohuwar na'ura sai ta yi fito, ta yanzu kuwa lissafin Widrow ke kashe fiton kafin ya tashi.

'Yan na'urorin araha da ake kasawa a tire ba haka suke ba, komai suke ƙara wa ƙarfi, da muryar liman da rurin janareta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma ba tsofaffi kaɗai ba ne. Sanƙarau yana barin kurumta, Zamfara kuwa ta fi kowace jiha ɗanɗana annobarsa a 2017. Yaron da ya tashi daga wannan ciwo, malam na biya masa allo yana kallon bakinsa kawai, a kai shi a auna jinsa kafin a kira shi daƙiƙi. Akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, kuma sai an yi awon ne ake saita na'urar daidai da kunnen mai ita.