Hukuncin Tsanin Da Ya Lalace

Idan damina ta gabato, magina da kafintoci sukan duƙufa wajen yaɓe da gyaran indararo da facin kwano. A lokacin ne ake ɗauko tsani daga bayan ɗaki, a jingina shi da bango, a ce wa lebura ya hau. Ba kasafai ake tsayawa a duba lafiyarsa ba, alhali kuwa ran ɗan Adam za a ɗora a kansa.

Tsanin katako yakan ruɓe ta gindi inda yake taɓa danshi, gara kuma takan cinye cikinsa ta bar bayansa sumul. Fenti yana ɓoye tsagewar katako. Na ƙarfe yakan yi tsatsa a mahaɗa, na alminiyam kuwa idan ya lanƙwashe, miƙe shi ba ya mayar masa da ƙarfinsa. Saboda haka wajibi ne mai tsani ya bi matakansa ɗaya bayan ɗaya kafin wani ya hau. Wanda ya ce Allah ne mai tsarewa ya faɗi gaskiya, amma Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali.

To, idan an duba an ga tsanin ya wuce gyara, yaya za a yi da shi? Nan ne zuciya take kawo shawara iri-iri. Wani zai shafe shi da fenti ya kai kasuwa. Wannan algus ne, daidai da na mai abincin nan da Muslim ya ruwaito labarinsa, wanda ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, Annabi ya tsawatar masa. Risala ta Ibnu Abi Zaidin ma ta hana ɓoye aibin haja.

Wani kuma zai ba almajirinsa ko maƙwabcinsa kyauta, yana ganin ya yi alheri, alhali haɗari ya miƙa masa. Na uku zai jingine shi a zaure ya ce sai ya sami sukuni, ya manta cewa wanda bai san aibinsa ba, ko yaro mai ƙiriniya, zai iya hawa gobe.

Akwai mai cewa farfasa tsani almubazzaranci ne, Alƙur'ani kuwa ya hana. Amsa ita ce almubazzaranci shi ne ɓata abin da yake da amfani, tsanin da ba ya ɗaukar mutum kuwa amfaninsa na tsani ya ƙare. Hadisin da Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa ya hana cuta da cutarwa, kuma a kansa malamai suka gina ƙa'idar cewa cuta kawar da ita ake yi. Sai a sa zarto a yanka shi gunduwa-gunduwa, katako ya shiga murhu, ƙarfe ya tafi wurin maƙera. Ta haka dukiya ba ta salwanta ba, ba a kuma bar wa kowa tarko ba.

Kuɗin sabon tsani ana iya nemansu, amma ƙashin bayan magidanci idan ya karye, iyalinsa duka ne suka faɗi. Wanda ya san aibi ya yi shiru, alhakin yana wuyansa. Allah Ya ba da ikon riƙe amana, amin.