Shin Shiru Ma Algus Ne?



Wani ɗan'uwa mai sayar da talabijin tokumbo a Alaba ya tambaye ni: "In mai saye bai tambaya ba, dole ne in faɗa masa aibinta?"

To mu duba. Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera plasma tun 2014, ke nan duk wadda ke shago yau ta haura shekara goma. Haskenta yana raguwa da yawan aiki, tana zafi, tana shan wuta. In ta daɗe a tasha ɗaya, tambarin tashar kan bar inuwa a gilashin, ba ta goguwa.

Kai ka san wannan. Maigadin da ya tara albashin wata uku don yaransa bai sani ba, ta yaya zai tambaya? Da iliminka ya dogara, don haka shirunka ma magana ce.

Nuna masa tabon, ka rage kuɗi. Ka ce ya ɗauke ta a tsaye, ya ajiye inda iska ke shiga, ya rage haske, ya haɗa da sitabilaiza.

Allah ya sa albarka a cinikinmu, amin.

Sakataren masallaci