Tabon da Ke Ƙarƙashin Hannun Riga



A watan Maris, da zafi ya kai matuƙa, wata uwa ta kawo mini 'yarta domin in yayyafa mata ruwa mai tsarki. Ba a wurin furta zunubi muka yi maganar ba, sun kuma yarda in faɗa muku kaɗan ba tare da suna ba. Yarinyar tana sanye da riga mai dogon hannu. Da uwar ta naɗe hannun rigar, sai ga tabo bisa tabo, sababbi da tsofaffi, duka yarinyar ce ta yi wa kanta. An riga an yi mata dūka, an kulle ta a ɗaki, an kai ta wurin masu korar aljanu har sau biyu.

Na san inda tunanin uwar ya tafi. A Bisharar Markus sura 5 akwai mutumin ƙasar Garasinawa da yake zaune a makabarta yana ƙuje jikinsa da duwatsu. Amma mu lura, mutanen garinsu sun sha ɗaure shi da sarƙa, sarƙar kuwa ba ta warkar da shi ba. Yesu ne ya tsaya ya yi magana da shi, ya mai da shi gida wurin danginsa. Ikilisiya kuma ba ta gaggawar cewa aljani ne. Katakizim na 1992, a lamba 1673, ya koyar cewa ciwon tunani aikin masana lafiya ne, dole a tabbatar ba ciwo ba ne kafin a yi zancen korar mugun ruhu. Wannan ma babu firist da zai yi sai da izinin Bishop.

Yawancin masu yi wa kansu rauni ba mutuwa suke nema ba. Baƙin ciki ne ko tsoro ko kunya ke cika musu ƙirji, sun rasa bakin faɗa. Zafin jiki yakan danne na zuciya na ɗan lokaci, kunya ta biyo baya, sai a sake. Duk da haka kada mu raina abin, gama haɗarin kashe kai ya fi yawa ga wanda ya saba da shi.

Akwai magani, kuma mafi yawansa zama ne da magana. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Marsha Linehan, ta wallafa hanyar jinya a 1993 domin irin waɗannan mutane. A 2011 ta bayyana cewa ita kanta ta yi wa jikinta rauni tana budurwa, har ta yi fiye da shekara biyu a asibiti. A gidan Katolika aka rene ta. Hanyarta tana riƙe abu biyu tare: a karɓi mutum yadda yake, a kuma koya masa canzawa. Kowane mako yakan zauna da mai ba da shawara, su bi sawun abin da ya faru kafin raunin, mataki mataki, wace kalma ce ta soke shi, wane tunani ya biyo. Yakan koyi abin yi idan zuciya ta taso, kamar wanke fuska da ruwan sanyi, jan numfashi a hankali, ko kiran wani amintacce. Aikin watanni ne, wani lokaci shekara guda, kuma akan yi tuntuɓe a hanya. Wane mai tuba ne a cikinmu bai san tuntuɓe ba?

Muna da asibitocin tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa cikin Kaduna, a Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Littafin Sirak sura 38 ya umarce mu mu girmama likita, Luka mai Bishara ma likita ne.

Na yayyafa wa yarinyar ruwa mai tsarki, muka yi addu'a tare, sa'an nan na rubuta musu takarda zuwa wurin likita. Na roƙi uwar ta ajiye bulala, ta daina binciken hannun 'yarta a gaban ƙannenta, kowace yamma kuma ta tambaye ta yadda zuciyarta ta wuni, ta yi shiru har yarinyar ta gama magana.